Sabuwar Sana'a da Hakkin Ma'aikaci

Karatu: Littafin Firistoci 19:9-10, Yakubu 5:4

A shekara ta 2001 wayar salula ta shigo Nijeriya. Ba a daɗe ba, a garuruwan bakin hanya irin su Lambata, inda titin Lapai da Bida ya rabu da na Suleja zuwa Minna, matasa suka kafa laima da tebur, matafiya suna biya su buga waya. Da waya ta yi araha, kowa ya mallaki tasa, sai laimomin suka watse. A yau masu POS ne ke zaune a irin waɗannan wurare. Sabuwar dabara takan kashe wata sana'a, ta kuma haifi wata.

Littafi Mai Tsarki bai hana mutum neman sabuwar dabara ba. Allah ne ya cika Bezalel da hikimar aikin hannu, ya kuma ba shi baiwar koya wa waɗansu (Fitowa 35:30-34). Garin Suleja ya ga irin wannan. A 1954 Ladi Kwali, maginiyar tukwane, ta shiga makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a can. Ta koyi sabon salo ba tare da ta yar da na iyayenta ba, har ya zama hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Amma akwai tambaya ga Kirista mai jari. Idan injin niƙa ko na casar shinkafa ya ɗauke aikin mata goma, ina matan za su nufa? Dokar Musa ta hana mai gona girbe gefen gonarsa da tsince kala, domin matalauci da baƙo su sami abinci. Da kalar gonar Bo'aza Rut ta ciyar da surukarta Na'omi. Gefen gonar mai inji a yau shi ne ya ɗauki ɗan gwauruwa ya koya masa aiki, ya kuma sanar da ma'aikaci tun da wuri kafin ya sallame shi.

Yakubu ya yi gargaɗi cewa ladan da aka danne wa ma'aikata yana kai ƙara gaban Ubangiji. Yarinyar da ke wuni a rana da na'urar POS, wata ya ƙare ba a biya ta ba, tana cikin wannan aya. Wanda ya tsawwala wa maƙwabtansa lokacin ƙarancin takardun kuɗi na 2023 shi ma ya bincika zuciyarsa, ya tuba.

Iyaye kuwa su haɗa wa 'ya'yansu karatu da aikin hannu, gama Manzo Bulus ma da ɗinkin alfarwa ya riƙe kansa a Koranti. Ikkilisiya ta haɗa masu sana'a da matasan da ke zaman banza. Ubangiji ya sa ribar masu bi ta zama abinci ga maƙwabtansu. Amin.