Ƙaramar Yagewa

Karatu: 2 Sarakuna 20:1-7

'Yar'uwa mai ɗinki, kin san ƙaramar yagewa zare kaɗan take ci. In aka bar ta, zanen ya tafi. Haka sankarar mama take. Kowane wata, bayan al'adarki ta ɗauke, ki lalubi nononki da hammatarki. Kin ji kullutu, ko kan nono na fid da jini? Je asibiti makon nan, ko babu zafi. Kada kowa ya ce miki rashin bangaskiya ne. Hezekiya ya yi kuka ga Ubangiji, aka ƙara masa shekara 15, amma sai da Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun.

Addu'a: Ya Uba, cire mini tsoro da kunya, ka bi da hannun likita, cikin sunan Yesu. Amin.