Shin Wajibi Ne A Shawarci Talaka Kafin A Tsara Birni?

Mas'alarmu ta wannan mako ta shafi ɗakin da kowa yake kwana a ciki. Idan hukuma ta ƙudura niyyar tsara birni na shekara 20 ko 50 masu zuwa, watau inda titi zai bi, da inda za a yanka filaye, da unguwar da za a tasa, shin Musulunci ya ɗora mata ta ji ta bakin mazauna, ko kuwa ya isa ta ɗauko gwanaye su zana, talaka ya bi?

Masu cewa ya isa suna da hujja, kada a raina ta. Suna cewa mai sayar da goro bai san lissafin ruwan famfon da zai ishi mutum miliyan ɗaya ba, kuma in aka tambayi kowa, kowa gidansa zai kare, titi kuwa dole ya bi ta gidan wani. Har suna kawo cewa a shekara ta 17 bayan hijira, da Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya tashi faɗaɗa masallacin Makka, ya sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi sayarwa kuwa aka rushe nasu, aka ajiye musu kuɗinsu a baitulmali.

Wannan gaskiya ne. Amma shi wannan Umar ɗin, da ya zo faɗaɗa masallacin Madina, ya nemi gidan Abbas, baffan Manzon Allah, sai Abbas ya ƙi. Sarkin Musulmi guda bai aika da 'yan rusau ba. Ya yarda suka tafi gaban Ubayyu ɗan Ka'abu, Ubayyu ya ba Abbas gaskiya, Umar ya haƙura. Sa'an nan Abbas da kansa ya ba da gidan sadaka ga Musulmi. In an haɗa labaran nan biyu, abin da ya fito shi ne, maslahar jama'a tana iya cin gidan mutum in an biya shi ƙimarsa, amma mai gida yana da bakin magana, kuma akwai alƙali a tsakaninsa da shugaba.

Batun shawara kuwa ba ya bukatar dogon jayayya. Akwai sura guda a cikin Alƙur'ani mai girma da ake kira da sunanta, inda aka jera ta tare da salla da ciyarwa cikin siffofin muminai, kuma a aya ta 159 ta Suratu Ali Imrana Annabi kansa aka umarta da ita, alhali wahayi yana sauko masa. Ranar Badar, Hubabu ɗan Munzir ya ga masaukin da aka zaɓa bai dace ba, ya ba da shawarar a matsa kusa da rijiyoyi, aka kuwa bi. Me Hubabu ya fi sauran da shi? Sanin wurin. To, haka tsohon da ya yi damina 60 a unguwa ya san inda ruwa yake kwanciya, da tsohuwar maƙabartar da ba ta cikin taswirar kowa.

Mu dubi Abuja, tun da ita ce birnin da aka zana tun daga tushe a gaban idon mutanen da har yanzu suna raye. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar ƙaura daga Ikko, bisa rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, aka keɓe ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita wajen 8,000. Wani kamfanin Amurka ya gama babban tsarin a 1979, gwamnati ta tare a Disamba 1991. Tsarin kuwa yana da kyau a takarda. Amma ƙasar nan da mutanenta, Gwarawa da Koro da Gade da Gwandara da sauransu. Da farko an ce za a kwashe su duka a sake musu matsuguni da kuɗin gwamnati. A 1978 aka ga kuɗin ya yi yawa, aka ce sai waɗanda aiki ya iso kansu. Aka yi ta jujjuya makomarsu a ofisoshi, kuma kukan diyya bai ƙare ba har yau. Sa'an nan ga birkila da direba da masinja, waɗanda birnin ba ya motsi sai da su. Tsadar haya ta tura su Nyanya da Karu da Mararraba da Suleja, kullum asubar fari suna kan hanya, waɗanda suka yi ginin dabara a kusa kuwa rusau na 2003 zuwa 2007 ya cinye da yawa daga cikinsu. Da an zauna da irinsu tun farko, tambayarsu ta fari ita ce: mu ina za mu kwana?

Sai dai kada mai karatu ya zaci shawara tana nufin bin mai babbar murya. Da aka ci ƙasar Iraƙi, Bilalu da wasu sahabbai sun nemi a raba gonakin a tsakanin mayaƙa. Umar ya ƙi, domin in an raba, waɗanda za a haifa gaba ba za su tarar da kome ba. Amma bai yanke shi kaɗai ba. Ya tara Muhajirai, ya kira dattawan Ansar guda 10, aka yi kwanaki ana muhawara, ya bayyana hujjarsa, sa'an nan ya zartar. Malamai sun saɓa a kan ko sakamakon shawara yana ɗaure shugaba. Abin da nake rinjayarwa a sha'anin tsarin birni shi ne, yana da ikon saɓa wa mazauna domin haƙƙin 'ya'yan da ba a haifa ba, waɗanda ba su da wakili sai shi, amma da sharaɗin ya ji tukuna, kuma ya faɗi dalilinsa a fili.

Abin tsoro shi ne shawarar ganin ido. Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi a baje daftarin tsari jama'a su gani su kawo ƙorafi. To, in an buga sanarwa da Turanci a kusurwar jarida, aka yi taro a otel da rana tsaka lokacin da lebura yake wajen nema, aka kawo zanen da an riga an sa masa hannu, wa aka shawarta? Matar da ke cikin kulle, wadda ita ta fi kowa sanin nisan famfo da asibiti, ba ta ji ba. Ɗan haya, wanda ba shi da takardar fili, ba a ƙirga shi ba.

Mu ma talakawa da namu laifin. Wanda aka nemi shawararsa an ba shi amana ne, kuma ha'inci ne ya ce titi ya kauce wa shagonsa ya bi ta gidan marayu. A Kano mutane sun cike kududdufai sun yi gini a kai, sun ci jikin badala, yanzu ruwan damina yana shiga ɗakunan maƙwabta, alhali malaman Malikiyya, irin su Ibnur Rami magini na Tunis, sun daɗe da rubuta hukuncin kwata da taga da katangar da ke cutar da maƙwabci. Duk garin da aka fito da daftarin tsarinsa, ya kamata limaman Juma'a su sanar da ranar taro a kan mumbari, masu unguwanni su nemi a kawo taswirar ƙofar gidan hakimi a yi bayaninta da Hausa bayan La'asar, a kuma ware wa mata zamansu da wadda za ta rubuta abin da suka ce.