Wanda Ya Rasu Da Raunin Yaƙin Bama: Mene Ne Haƙƙinsa?

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, zamanin Sarkin Gwandu Yahaya, Turawan mulki sun ɗebi samari soja ta hannun sarakuna da hakimai. Ƙasar Gwandu, wadda Jega da Aliero da Maiyama ke cikinta, tana cikin Lardin Sakkwato a wancan zamani. Daga 1943 aka riƙa kai sojan Afirka ta Yamma Indiya a jirgin ruwa, daga can suka shiga dazukan Bama. A 1944 suka gwabza da Japan a kwarin Kaladan. Waɗansu sun faɗi a fagen fama, waɗansu kuwa aka ɗauke su da rauni, suka yi jinya kwanaki, sannan rai ya yi halinsa.

A Aliero, garin masu ɗori, wanda ya karye yakan yi jinya danginsa na kewaye da shi. Shi kuwa wannan bawan Allah ya cika a hannun baƙi. A maƙabartar soja ta Taukkyan, kusa da Rangun, an rubuta sunayen mutum wajen 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Nijeriya.

To, ko ana kiran irin wannan mamaci shahidi? Waɗansu na cewa yaƙin Sarkin Ingila ya yi, don haka ba shi da rabo. Wannan gaggawa ce. Malaman fiƙihun Malikiyya sun ce wanda aka ɗauko daga fagen fama da rai, ya rayu har ya ci ya sha, ana yi masa wanka da salla kamar sauran Musulmi. Sa'adu ɗan Mu'azu, Allah Ya yarda da shi, kibiya ta same shi ranar Handaƙ a shekara ta 5 bayan Hijira, ya yi jinya cikin hema a masallacin Madina, da ya rasu aka wanke shi aka sallace shi. Wannan hukuncin gawa ke nan. Amma matsayin mutum a Lahira yana rataye da niyyarsa, niyya kuwa Allah kaɗai Ya san ta. Wani tilas aka yi masa, wani talauci ya kora shi, wani ya tafi a madadin ƙanensa.

Saboda haka ba aikin mai rai ba ne ya yanke masa Aljanna ko wuta. Abin da ke wuyan danginsa shi ne addu'a, da sadaka da sunansa, da sada zumunci da zuriyarsa, da koya wa jikoki sunansa don kada ya ɓace. Ranar 15 ga Janairu hukuma kan ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya, amma addu'ar jika ta fi fure amfani ga mamaci.

Allah Ya jiƙansu, Ya haskaka kaburburansu duk inda suke, amin.