Sabon Ɗan Aike Ya Shigo Zango, To Amanar Tana Wuyan Wa?



Kwanakin baya, bayan sallar La'asar, wani dattijo daga cikin abokan kasuwancinmu ya tsaya a ƙofar masallaci ya miƙo mana wayarsa. Ya nuna wani ɗan zobe da ya fito masa a WhatsApp, ya ce jikansa ya faɗa masa wai duk abin da ya tambayi zoben nan zai ba shi amsa. Sai ya ce, "Malam, shin ya halatta in tambaye shi, ko shi ma irin bokayen zamani ne?" Muka yi dariya, amma tambayar ta bi mu har gida, domin ba shi kaɗai ke yin ta ba.

Mu fara da abin da yake. Zoben nan Meta AI ake ce masa, ya iso wayoyin Najeriya a 2024. Yana da 'yan uwa: ChatGPT, wanda kamfanin OpenAI na Amurka ya fitar a watan Nuwamba na 2022, da Gemini na kamfanin Google. Gaba ɗayansu su ne ake kira ƙirƙirarriyar basira. Babu aljani a ciki, kuma ba su san gaibu ba. An ɗura wa manyan kwamfutoci rubuce-rubucen mutane masu ɗimbin yawa, har suka koyi wace kalma ce ta saba biyo wace. In ka yi tambaya, sai na'urar ta jero maganar da ta fi kama da amsa. Sau da yawa takan dace, wani lokacin ta kuskure, kuma da murya ɗaya take faɗin duka biyun. Da yake rubutun Hausa a intanet bai kai na Turanci yawa ba, kuskurenta a Hausa ya fi yawa.

Saboda haka batun halacci mai sauƙi ne. Kayan aiki ne, kamar sikeli ko kalkuleta, hukuncinsa na bin abin da aka yi da shi. Kuma mu dattawa mu yi wa kanmu adalci, mun sha gudun abu sannan mu dawo muna neman sa. Da wayar salula ta zo a 2001, akwai waɗanda suka ce ta yara ce. A farkon 2023, da takardun naira suka yi wuya, wanda bai iya tura kuɗi ta waya ba ya zauna da kayansa yana kallon masu saye suna wucewa shagon maƙwabci. Gemu ba ya hana ilimi. Mutum nawa ne a cikinmu ke kai takardar mai gidan haya ko ta hukuma wurin yaro ya karanta masa, yaron ya san sirrinsa kaf, gobe maganar ta zaga tasha? Yau mutum zai iya ɗaukar hoton takardar, ya ce wa na'urar ta bayyana masa da Hausa ko da Turanci mai sauƙi. Mai kai kaya Kwatano ta Seme zai iya sa ta ta juya masa saƙo zuwa Faransanci. Mai shago zai iya sa ta ta tsara masa jerin masu bashi. Wannan rufin asiri ne, kada girman kai ya hana mu shi.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce ta amana, kuma mu 'yan zango mun fi kowa sanin ta. Kakanninmu da suka zauna a Agege suna fataucin goro, da waɗanda suka riƙa kawo shanu daga Arewa, ba da takarda suka yi ciniki ba. Baƙo zai sauka wurin mai gida, ya damƙa masa dukiyarsa, dillali ya sayar, wani lokacin ma bashi. Me ya sa baƙon ke iya barci? Saboda mai gida yana da suna, yana da gida a zango, yana da fuskar da zai ji kunya da ita. In kuɗi suka salwanta, an san ƙofar da za a buga, in ta ƙi a je gaban Sarkin Hausawa. Har yau haka ake yi a Mile 12 da Alaba Rago. Dukkan cinikinmu a Ikko ya tsaya ne a kan mutumin da za a iya kamawa. To wannan sabon ɗan aike fa, in ya ɓatar da kai, ƙofar wa za ka buga? Ba shi da mai gida a zango, ba ya jin kunya, kuma kamfanonin da suka yi shi da kansu suna rubuta gargaɗi cewa yana iya kuskure.

Mun ga wannan da idonmu. Wani bawan Allah ya rasu, ya bar mata da 'ya'ya, da abin da ya kai naira miliyan 6 bayan an biya bashinsa. Babban ɗansa, yaron kirki mai son a gama lafiya, ya tambayi na'ura yadda za a raba. Ta cire wa matar tumuni, ta raba sauran tsakanin 'ya'ya, namiji rabon mata biyu, lissafi tsaf babu inda ya karkace. Da suka kawo mana takardar don mu sa albarka, muka yi tambayar da kowane ɗalibin Islamiyya zai fara da ita: iyayen mamacin suna raye? Ashe mahaifiyarsa tana nan a ƙauye, tsohuwa ce ko fita ba ta yi. Sudusinta, wato naira miliyan 1, an riga an raba wa jikokinta a takarda. Yaron bai yi nufin zalunci ba, bai san ya kamata ya ambace ta ba ne, ita kuma na'urar ta amsa iya abin da aka faɗa mata. Da an raba haka, da haƙƙin tsohuwar nan wa Allah zai tambaya? Ba wayar za a tsayar ranar hisabi ba.

Malamanmu na da sun san ilimi ba ya tafiya sai da mutumin da ya ɗauko shi. Shi ya sa masu hadisi suka kafa isnadi, suna bin wane ya ji daga wane, suna binciken gaskiyar kowa da ƙarfin haddarsa. Imam Malik, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 179 bayan Hijira, kuma mazhabarsa muke bi, ya shahara da cewa bai sani ba idan bai sani ba, ko da mai tambayar ya zo daga nesa. Ita na'ura da wuya ta yi shiru. An gina ta ne don ta ba da amsa, har takan ƙago sunan littafi ko ruwaya ta jingina wa malamin da bai faɗa ba. Kada mu ce don ba mu yi boko ba ne za ta ruɗe mu. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000, saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙago musu, waɗanda ba a taɓa yin su ba. In lauya ya faɗa ramin, ina ga ɗan tireda?

Wani zai ce, ai malamai ma suna kuskure, dillalai ma suna cin amana, me ya sa za a tsananta wa na'ura? Gaskiya ne, kuma mu masu jan salla bai kamata mu fake da wannan magana don kare kujerarmu ba. Wani lokacin ma tambayar da mutum ke jin nauyin yi wa malami, ita zai yi wa sau goma ba ta gaji ba, ba ta yi masa tsawa ba. Wannan abin kunya ne a gare mu, ya kamata mu gyara fuska. Amma malamin da ya yi kuskure ana iya komawa gare shi, ya ji tsoron Allah, ya janye, ya je ya nemi yafiya. Kuskurensa yana da mai shi. Kuskuren na'ura maraya ne, duk wanda ya ɗauka ya yi aiki da shi, shi ne ubansa.

To yaya za mu fara? Yadda muke karɓar sabon yaro a shago. Ba ranar farko ake ba shi makullin sito ba. A fara tambayarta abin da aka riga aka san amsarsa, kamar lissafin ribar buhu goma, ko hanyar Kano daga Legas, a ga inda take dacewa da inda take zamewa. Wanda rubutu ke yi wa wuya ya yi amfani da murya. A yi mata bayani cikakke kamar ana aiken yaro, har a ce mata ta tambayi abin da ba a faɗa ba kafin ta amsa. In ta rubuta wasiƙa, a karanta ko a sa a karanta kafin a aika, domin sunanka ne a ƙasa. Kada a ba ta lambar BVN, ko lambar sirri ta katin banki, ko lambar da banki ke turowa a waya. Kada kuma a zuba mata sirrin mata ko na abokin ciniki, shi ma amana ne. Abubuwa huɗu kuwa, ko ta yi bayani, a kai su wurin masu su: fatawa da gado wurin malami, magani wurin likita, takardar fili da ta kotu wurin lauya, ganin wata kuma a jira sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato.

Akwai abu na ƙarshe da muke tsoro fiye da kuskuren lissafi. Mun fara ganin saƙon ta'aziyya mai tsawo, mai daɗin kalmomi, wanda ka san mai aikowa ba shi ya rubuta ba, alhali gidan rasuwar bai fi kuɗin mota ɗaya daga shagonsa ba. Mu baƙi ne a garin nan, abin da ya riƙe mu shi ne mu taka mu je, mu zauna a tabarma, ko da "ya haƙuri" kawai za mu iya cewa. Ɗan aike yana kai saƙo, amma ba a aika shi zumunci.

Dattijon nan ya dawo bayan mako guda. Ya ce ya sa zoben ya rubuta masa takarda zuwa ga mai gidan haya a kan rufin da ke yoyo, ɗansa ya duba, an aika, an kuma zo an gyara. Sai ya ƙara da cewa akwai tambaya a kan zakkar kayan shago, amma wannan ya ajiye mana ita. Muka shimfiɗa buzu muka zauna.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu fita haƙƙin amanar da ke wuyanmu, Ya zaunar da zangonmu lafiya. Amin.