Ribar da ake saye da lafiyar 'ya'yan mutane

Ya 'yan'uwa, iyaye da 'yan kasuwa, tunatarwarmu ta wannan Juma'a a kan amana ce.

A Disambar 2018 hukumar NAFDAC ta yi yarjejeniya da masu kamfanonin giya cewa cikin shekara biyar za a daina ƙulla giya a leda da ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba. Dalili a fili yake: tana da arha, tana shiga aljihun ɗan makaranta, direba ya kurɓa a tasha ya ɗebi fasinja. Da wa'adi ya cika a farkon 2024, sai kamfanonin suka tayar da ƙura, aka yi zanga-zanga, aka garzaya Majalisar Wakilai, wai ma'aikata za su rasa abinci. Ƙarshe dai aka ɗage zuwa ƙarshen 2025. Wannan ƙarin lokacin, a jikin 'ya'yan wa ya ƙare?

Hujjar nan tsohuwa ce. Mutanen Madyana 'yan kasuwa ne. Da Annabi Shu'aibu (AS) ya hana su tauye mudu, cewa suka yi dukiyarsu ce, kada sallarsa ta shiga musu ciniki. Ku duba Suratu Hud ku ga ƙarshensu.

To, kada mu tsaya zagin masu giya, mu duba rumfunanmu. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni, amma har yau akwai mai zuba shi cikin buhun wake don kashe ƙwari. Idan dubagari suka zo, sai a yi karo-karo, a tura wakilai wajen manya a kashe maganar. Wallahi aikin ɗaya ne, jari ne kawai ya bambanta. Waken da ka sayar a kasuwar Kure, wa ya sani ko shi za a dafa wa ɗanka a Bosso?

Mu da muka zo Minna neman halak daga Kano, Katsina da Sakkwato, sunanmu shi ne jarinmu. Duk wanda aka kawo wa takarda ko aka nemi kuɗinsa don a danne dokar da ke kare lafiyar jama'a, ya ce a'a, ko da shugaban ƙungiyarsa ne ya zo. Mai wake ya shanya shi sosai, ya zuba a buhun PICS ko jarkar da iska ba ta shiga. Ƙwarin za su mutu ba tare da guba ba.

Allah Ya tsarkake mana dukiyarmu, Ya kare mana zuri'a. Amin.

Sakataren Masallaci