Ku Ɗaure Ɗamara, Masu Haɗa Manhaja

Kuna raba dare gaban kwamfuta don fito da tarihin cinikin walat a manhajarku. Kun haɗa MetaMask, ragowar kuɗi ta bayyana, amma jerin abin da aka tura da wanda aka karɓa ya ƙi fitowa. To kada ku karaya, ba laifinku ba ne. Haka Ethereum take tun da aka buɗe ta a 2015. Za ta ba ku ciniki guda in kun san lambarsa, za ta ba ku bulo guda, amma ba ta da umarnin da zai tattaro duk abin da adireshi ɗaya ya taɓa yi. Ga shi kuma duk daƙiƙa 12 sai sabon bulo ya sauka. Wanda ya ce zai bi su ɗaya-ɗaya daga burauza, ya ɗauki Dala ba gammo.

Wasu sun riga sun jera muku bayanan. Ku nufi Etherscan: txlist na kawo cinikin ETH, tokentx na kawo na su USDT, txlistinternal kuma na fito da kuɗin da kwantiragi ya tura, wanda sau da yawa ake mantawa da shi. Alchemy ma na yi, a Tron akwai TronGrid. Ku riƙa ɗebowa kashi-kashi, ku ɓoye makullin API a sabarku, domin duk abin da ya shiga burauza ya zama na kowa.

Inda nake so ku natsu shi ne lissafi. ETH na da gurbi 18 bayan ɗigo. USDT a kan Ethereum da Tron gurbi 6 ne, a kan BNB Chain kuwa 18. Ku yi kuskure nan, mai dala goma ya wayi gari yana ganin kansa attajiri, ko attajiri ya ga asusunsa wayam. Ku riƙe BigInt, lambar JavaScript ta yau da kullum ba ta iya ɗaukar wannan nauyi.

Ba wanda zai tafa muku kan wannan aiki, na sani. Amma ɗan kasuwar da aka ce masa "na turo" jerinku zai duba kafin ya saki kaya. Ku tashi ku gwada da walat mai dogon tarihi, ku gwada da sabo fil, sannan ku miƙa aikin.