Adriano: Wa Ke Bin Mai Baiwa Bashi?

An haifi Adriano Leite Ribeiro a birnin Rio de Janeiro na ƙasar Burazil a shekarar 1982, ya tashi a Vila Cruzeiro, ɗaya daga cikin unguwannin marasa galihu na birnin. Yana ɗan yaro harsashin da ba shi aka nufa ba ya sami mahaifinsa, Almir, a ka, kuma mahaifin ya ci gaba da rayuwa da harsashin. Adriano ya fara wasan ƙwallon ƙafa a Flamengo, Inter Milan ta Italiya ta saye shi a 2001, ya yi zaman aro a Fiorentina, ya buga wa Parma, sannan ya koma Inter a farkon 2004. Ƙaƙƙarfa ne mai gudu, ƙafarsa ta hagu kuwa masu tsaron gida na shakkarta, har Italiyawa suka yi masa laƙabi da Sarki.

A watan Yulin 2004, a wasan ƙarshe na gasar Copa America a Peru, Ajantina na gaba da ci biyu da ɗaya, ana dab da tashi, sai Adriano ya farke wa Burazil. Burazil ta ɗauki kofin a bugun fenariti, shi kuma ya fi kowa zura ƙwallo da guda 7. Ba a cika mako biyu ba aka kira shi ta waya aka ce mahaifinsa ya rasu. Bai durƙushe nan take ba. A gasar Kofin Nahiyoyi ta 2005 a Jamus ya ci 5, aka zaɓe shi gwarzon gasar, kuma a Kofin Duniya na 2006 ya ci Ostireliya da Gana. Amma ciwon na cinsa ta ciki. Da bakinsa ya faɗa daga baya cewa damuwa ta kama shi, ya koma wa barasa, har yakan je atisaye a buge. A 2009 ya bar Inter ya koma unguwarsu. A shekarar ya taimaki Flamengo ta ci gasar Burazil karon farko tun 1992, da ƙwallo 19. Zamansa a Roma da Corinthians rauni ne ya cinye shi, musamman tsinkewar agara a 2011. Ya buga wa Burazil wasa 48, ya ci 27.

Tun daga lokacin, hukuncin da aka fi yanke masa shi ne ya yi asarar baiwarsa. Wannan magana na ɗauke da wata da'awa da ba a cika bincika ta ba: cewa wanda aka ba baiwa, bashi ne a wuyansa ya kai ta iyakarta, in bai kai ba ya ci amana.

Addini ya goyi bayan rabin da'awar. A Musulunci lafiya da ƙarfi da ƙuruciya ni'imomi ne da za a yi wa bawa hisabi a kansu, kuma hadisi ya zo cewa za a tambayi mutum yadda ya ƙarar da rayuwarsa da yadda ya samu dukiyarsa ya kashe ta. A Kiristanci, wanda shi ne addinin mafi yawan mutanen Burazil, akwai misalin da ke cikin Linjilar Matta sura ta 25, inda maigida ya raba wa barorinsa uku kuɗi, ya tsawata wa wanda ya binne nasa a ƙasa. Duka biyun sun yarda cewa mutum bai mallaki baiwarsa mallakar da zai yi yadda ya ga dama da ita ba.

Sauran rabin ne ke da rauni. Amana tana da mai ita, kuma mai ita a nan ba 'yan kallo ba ne. Magoya baya sun sayi tikiti sun ga wasa. Kulob ya biya albashi, yana da haƙƙin atisaye da biyayya ga yarjejeniya, kuma a nan Adriano ya gaza sau da dama. Amma burin a ce ya gaji Ronaldo na Burazil, ya yi shekara goma yana kan gaba a duniya, buri ne na masu kallo, babu inda ya ɗauki alkawarinsa. Ko a misalin Linjila, an raba kuɗin ne gwargwadon ƙarfin kowane bara, kuma wanda ya juya biyu ya sami yabo irin na wanda ya juya biyar. Ƙarshen Suratul Baƙara ma ya kafa ƙa'idar cewa ɗaukar nauyi na tafiya ne da iyawa. Iyawar mutum kuwa ba ta tsaya ga tsoka da ƙafar hagu ba. Zuciya na cikinta, kuma zuciyar ce ta samu rauni a 2004, raunin da kyamara ba ta nunawa kamar yadda take nuna karaya.

Ana yawan ɗaukar haƙuri a matsayin rashin jin zafi, alhali tarihin annabawa bai nuna haka ba. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har ganinsa ya tafi, kuma ba a zarge shi da ƙarancin imani ba. Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye kan ɗansa Ibrahim, kuma shekarar rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib ta shahara da sunan shekarar baƙin ciki. Abin da ake tuhumar mutum a kai shi ne inda ya kai baƙin cikinsa. Nan ne laifin Adriano na gaskiya yake: ya kai nasa ga kwalba, ya cutar da jikin da aka ba shi riƙo. Wannan laifi ne da ya shafi ransa da iyalinsa, kuma nauyinsa ɗaya ne ko da bai taɓa buga ƙwallo ba.

Akwai kuma rabon waɗanda ke kewaye da shi. Kyaftin ɗin Inter na lokacin, Javier Zanetti, ya bayyana daga baya cewa sun yi ƙoƙarin fitar da shi daga damuwar ba su yi nasara ba, kuma abin ya tsaya masa a rai. A wancan zamani ƙungiyoyi sun ƙware wajen jinyar gwiwa da agara, amma ciwon damuwa sau da yawa ana ɗaukarsa lalaci ne ko shagwaɓa. Idan baiwa amana ce, to mai baiwar shi ma amana ne a hannun waɗanda ke cin moriyarsa.

Komawarsa Vila Cruzeiro, wadda jaridu suka riƙa nunawa a matsayin faɗuwa, shi ya sha bayyana ta a matsayin neman natsuwa cikin mutanen da suka san shi tun kafin ya yi suna. Ana iya ƙin yarda da yadda ya rayu a can, amma zaɓar dangi a kan miliyoyi ba ya cikin abin da addini ya kira cin amana. Ana da hujjar zarginsa kan barasa da saɓa yarjejeniya. Zargin cewa ya hana duniya ƙwallayen da take binsa ba shi da tushe, domin duniya ba ta taɓa binsa su ba.